Daga Bakin Shaidu Zuwa Takarda: Tarihin Sayen Gida a Garin Gombe

1.0 GABATARWA

Idan Bahaushe ya ce ya sayi gida, shi da mai sauraronsa duk sun fahimci juna. Amma da za a kai maganar gaban alƙali ko ofishin filaye, a tambayi mai ita ainihin abin da ya saya, sai a tarar amsar ba ɗaya ba ce. Ginin ya saya, ko ƙasar da ginin yake kai, ko kuwa iznin zama na wasu shekaru ƙidayayyu? Wa kuma zai tsaya masa ranar da wani ya taso ya ce gidan nasa ne?

Wannan maƙala ta bi sawun waɗannan tambayoyi a garin Gombe, tun daga kafuwarsa a matsayin mazaunin sarki cikin 1919. Abin da take son nunawa shi ne, hujjar mallakar gida a garin ta yi ta sauya salo, daga bakin shaidu zuwa takardar mai unguwa, daga nan zuwa takardar gwamna, amma babu wadda ta kori wadda ta gabace ta. Hawa kan juna suka yi, mai saye kuwa shi ke ɗauke da nauyinsu duka. Za a kuma ga cewa kalmomin da ake ciniki da su sun adana wannan tarihi hawa-hawa, har ma ɗaya daga cikinsu ta yi wa jama'a alkawarin da doka ba ta yi ba.

An zaɓi Gombe ne saboda ƙuruciyarta. A cikin ganuwar Kano ko Katsina akwai gidajen da zuriya ɗaya ta riƙe ɗaruruwan shekaru, ba wanda ya san ranar da aka fara zama cikinsu. Gombe kuwa, in aka ɗauke 'yan ƙauyukan da ta haɗiye, gidajenta sun shiga hannun masu su ne cikin shekara ɗari da 'yan kai, ta hanyar rabo ko saye. Saboda haka ana iya hangen tarihin cinikin daga farkonsa.

2.0 ƘASA DA GINI KAFIN 1919

Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa masarautar Gombe a lokacin jihadin da aka soma cikin 1804, ya kuma zauna a Gombe Abba, kusa da kogin Gongola. Kamar sauran masarautun Daular Sakkwato, hukuncin ƙasa a nan bisa mazhabar Malikiyya yake, gauraye da al'adun mutanen da aka tarar. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi, kuma babbar hanya a cikinsu ita ce raya ƙasar da ba ta da mai ita, ta hanyar sara ko gini ko haƙa rijiya.

A aikace, baƙon da ke son zama a gari ba ciniki yake nema ba, masauki yake nema. Mai masaukinsa ya kai shi wurin jauro ko mai unguwa, a nuna masa wuri, ya ba da goro ko wata 'yar gaisuwa, ya kafa bukka ko ya ɗora tubali. Abin da ya zama nasa shi ne abin da hannunsa ya raya. Idan ya yi ƙaura, gidan ya zama kango, damina ta cinye bangon, to wurin yakan koma hannun shugabanni su bai wa wani. Wannan ba ya nufin shari'a ta hana sayar da gida. Littattafan fiƙihu cike suke da hukuncin cinikinsa. Sai dai a inda daji ke da faɗi, mutane kuma ba su da yawa, ba wanda zai zuba dukiya a kan abin da zai iya samu da goro. Abin da ke da daraja a gida shi ne azara da ƙyaure da wahalar da aka sha wajen ginin.

Turawa sun shigo masarautar cikin 1902, aka kuma gwabza yaƙin Burmi cikin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Cikin 1908 wani kwamiti ya zauna a Landan a kan sha'anin ƙasa a Nijeriya ta Arewa, bisa neman Gwamna Girouard. Daga rahotonsa aka fitar da dokar 1910, wadda aka sake tsarawa cikin 1916. Dokar ta sanya duk ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, ya riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa, ta kuma ce abin da mutum zai iya samu shi ne haƙƙin zama da amfani kawai.

An ɗauke hedikwatar masarautar daga Gombe Abba zuwa Nafada cikin 1913, sa'annan zuwa Doma cikin 1919, zamanin Sarki Umaru Kwairanga. Doma ita ce Gombe ta yau. Abin lura a nan shi ne, dokar ta girmi garin da shekara tara. Wato tun ranar da aka aza tubalin farko na gidan sarki, ba a taɓa samun lokacin da dokar gwamnati ta yarda cewa wani mutum ya mallaki ƙasar garin ita kanta ba.

3.0 ZAMANIN EN'E: AUDUGA, JIRGI DA TAKARDAR FARKO

Hanya biyu aka bi wajen samun wuri a sabon garin. Kamfanonin Turawa da sauran waɗanda doka ba ta ɗauka 'yan ƙasa ba, su takardar Gwamna suke nema, safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka, su riƙa biyan kuɗin ƙasa shekara-shekara. Talakawan sarki kuwa ta hannun En'e suke bi, daga mai unguwa zuwa hakimi, kamar yadda aka saba tun a Gombe Abba. Mafi yawan tsofaffin unguwannin da ke kewaye da fada ta wannan hanya ta biyu aka zauna su, ba tare da wata takarda ba.

Auduga ce ta sauya lissafin. A littafinta na 1976 a kan tattalin arzikin masarautar daga 1900 zuwa 1968, Mary Tiffen ta nuna yadda manoma suka yi ta kwararowa kudancin ƙasar Gombe daga wasu sassan Arewa, noman auduga ya bunƙasa cikin shekarun 1950. An kafa injin gurzar auduga a garin cikin 1956, har yau kuma unguwar da ke wajen tana amsa sunan kamfanin, BCGA, wanda bakin jama'a ya mayar Bisije. Cikin 1963 hanyar jirgin ƙasa da aka ja daga Kuru ta biyo ta Bauchi ta iso Gombe, kafin ta kai Maiduguri cikin 1964. Fatake da 'yan kamasho da direbobi da leburori da ma'aikatan reluwe duk suna bukatar wurin kwana. Daga nan haya ta samu gindin zama, gida ya zama jari. Wanda ya sami ribar kaka sai ya sa kwano da siminti, gidan da aka kashe wa kuɗi kuwa ba a barinsa ya zama kango, sayar da shi ake yi.

Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ba ta sauya tushen ta 1916 ba. Ta mayar da ikon hannun Minista, ta kuma ci gaba da bambanta ɗan ƙasa, wato wanda mahaifinsa ɗan wata ƙabilar Arewa ne, da wanda ba ɗan ƙasa ba. Sayar wa na biyun sai da yardar Minista. Tsakanin 'yan ƙasa kuwa, idon mai unguwa ya wadatar a mafi yawan lokuta.

A wannan zamani ne takarda ta fara shiga tsakanin talaka da talaka, da ajami ko da boko. Tsarinta bai sauya sosai ba har yanzu: ni wane, na sayar wa wane gidana da ke unguwa kaza, gabas ya yi iyaka da gidan wane, yamma da gidan wane, kudu da hanya, arewa da wane, a kan kuɗi kaza, ya biya ni lakadan ba ajalan ba. Sai sunayen shaidun mai sayarwa da na mai saye, sai sa hannu ko dangwale, sai hatimin mai unguwa. Duk wanda ya dubi wannan takarda da kyau zai ga ba ƙasa ta auna ba, mutane ta lissafa. Iyakar gidan sunayen maƙwabta ce. Ƙarfinta yana nan muddin waɗanda aka ambata suna raye, ko 'ya'yansu suna tune. Ranar da maƙwabtan huɗu suka sayar suka tashi, takardar ta zama tana kwatanta wurin da babu shi.

3.1 Yadda Ake Ƙulla Ciniki

Matakan cinikin gida sun daɗe da daidaituwa, kuma kusan iri ɗaya ne da na cinikin doki ko sa, sai dai tsawon lokaci da yawan shaidu. Mai gida ba ya shelar cewa zai sayar, domin a idon jama'a sayar da gida alama ce ta karayar arziki. Dillali yake faɗa wa a asirce. Dillali ya nemo mai bukata, ya zagaya da shi, wani lokaci ma ba tare da matan gidan sun san abin da ake ciki ba. Mai saye ya taya. In tayin bai kai ba a ce albarka, in ya kai a sallama. Daga nan mai saye ya ba da kafin alƙalami domin a tsayar da magana, a sa ranar biya. Ran biya a taru gaban mai unguwa, a kira maƙwabta, a bi iyaka, a tantance bangon da ke na gidan da wanda aka yi tarayya, da inda kwata ke bi. A ƙirga kuɗi a gaban shaidu, a fitar da la'adar dillali da kuɗin shaida, a raba goro, a shafa fatiha.

Asalin waɗannan kalmomi abin dubawa ne. Dillali, la'ada, shaida, hujja, albarka, sallama, lakadan, ajalan, duk daga Larabci aka aro su, ta hanyar kasuwanci da zauren karatu. Gida, fili, kango, iyaka, taya, jingina, na gida ne. Jauro daga Fulatanci yake. Babu kalmar Ingilishi ko ɗaya a cikin zuciyar cinikin. Na Ingilishi sai a gefensa: haya, fuloti, safiyo, rasit, lauya, fayil, satifiket. Wato an aro sunayen kayan ofis, amma ba a aro kalmar ƙulla yarjejeniya ba. Har gobe, a wajen mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa ne a lokacin da aka ce an sallama.

Hukunci biyu na Malikiyya sun shafi mai sayen gida ƙwarai, kuma jahiltarsu ta jawo wa mutane da yawa asara. Na farko shi ne shufu'a. Idan mutane suka yi tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗayansu ya sayar da rabonsa ga bare, to abokin tarayya yana da ikon ya biya kuɗin da baren ya biya ya karɓe rabon. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba, saɓanin Hanafiyya. Duk da haka al'ada ta ɗora wa mai sayarwa kunyar ya fara yi wa maƙwabcinsa tayi, har wasu suka ɗauka wajibi ne.

Inda shufu'a ta fi tasowa shi ne gidan gado. Mai gida ya rasu ya bar mata da 'ya'ya maza da mata, ba a raba ba, babban wa ya ci gaba da riƙo. Bayan shekaru ya sayar, shaidu suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, domin kowa a unguwar gidan wane yake ce masa. Sai wata ƙanwa da ke aure a Kumo ko Dukku ta ji labari, ko matar uba ta zo neman tumuninta. A nan babu abin da takarda za ta yi wa mai saye, domin wan ya sayar da abin da ba nasa ne shi kaɗai ba. Wannan ne ya sa masu hankali ba sa biyan kuɗin gidan gado sai sun ga takardar rabon gado daga kotu, ko kuma kowane magaji, mace da namiji, ya zo da bakinsa.

Na biyu shi ne hauzi. Idan mutum ya riƙe gida shekara goma, yana rushewa yana ginawa, wanda ke da'awar gidan yana nan yana gani bai yi magana ba, babu kuma abin da ya hana shi, to ba za a saurari da'awarsa ba. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo nesa, domin kawaici tsakanin 'yan'uwa ba yarda ba ne. Hauzi shi ne garkuwar mafi yawan waɗanda suka sayi gida da baki a zamanin En'e: shaidunsu sun mutu, amma shekaru sun tsaya musu.

4.0 DOKAR 1978

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulkin 1979, daga baya na 1999, yadda ba za a iya gyara ta ba sai ta hanyar gyaran tsarin mulki. A Kudu an ɗauke ta juyin juya hali. A Arewa kuwa tsohuwar dokar 1962 ce aka yi wa sabuwar riga aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. A lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauchi, wadda aka ƙirƙiro cikin 1976, shekarar da gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen En'e.

Duk da haka dokar ta taɓa mai sayen gida a wurare uku. Ta danƙa ƙasar jiha ga Gwamna, ta ba shi ikon ayyana yankin da yake birni, ta kuma ce a cikin birni shi kaɗai ke ba da haƙƙin zama. Ba ta ambaci sarki ko hakimi ko mai unguwa a matsayin mai raba ƙasa ba. Sa'annan sashe na 22 ya hana mai haƙƙin zama ya sayar ko ya jinginar ba tare da yardar Gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Cikin 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan sharaɗi ya hau har kan waɗanda suka riƙe gidajensu tun kafin 1978 ba su taɓa karɓar takardar Gwamna ba. Ma'anar wannan a Gombe ita ce, gidan da aka gada a Jekadafari ko Bolari ko Herwagana, in za a bi harafin doka, ba ya sayuwa sai fayil ya je Bauchi ya dawo.

Ba haka aka yi ba, ba kuma za a iya yi ba. Tafiyar kilomita ɗari da hamsin, da kuɗin safiyo, da harajin hatimi, da kuɗin rajista, da jiran watanni, sun fi ƙarfin mai sayen gidan ƙasa mai ɗaki uku. Jama'a suka ci gaba da zuwa wurin mai unguwa. Dokar da ta cire sunansa ba ta samar da wanda zai maye gurbinsa a bakin lungu ba, shi ne kuwa kaɗai ya san wanda ya gina, da wanda ya gada, da wanda aka ba aro.

Na uku shi ne sha'anin kotu. Sashe na 39 ya keɓe wa Babbar Kotu shari'ar ƙasar da ke ƙarƙashin haƙƙin zama na Gwamna. Alƙali yana raba gado, amma rigimar wane ne mai gida a cikin birni ta koma inda ake magana da Ingilishi ta bakin lauya. Mutumin da ya ƙulla cinikinsa da albarka da sallama sai ya tsinci kansa yana sauraron tafinta.

Kada kuma a ɗauka takardar Gwamna ta kashe kowace magana. Cikin 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, Kotun Ƙoli ta nuna cewa satifiket ba ya ba mutum haƙƙin da tun asali ba shi da shi. In tushen cinikin ruɓaɓɓe ne, satifiket ɗin da aka ɗora a kai ba ya gyara shi. Ke nan mai takardar Gwamna ma yana bukatar bakin shaidu, kamar yadda mai shaidu ke bukatar takardar Gwamna.

5.0 BAYAN 1996

Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Gombe. Ma'aikata 'yan asalin yankin suka taso daga Bauchi da iyalansu, hukumomin tarayya suka buɗe ofisoshi, aka turo baƙin ma'aikata daga ko'ina cikin ƙasa. Gidajen gwamnati da ke akwai, irin su Lokos na zamanin Shugaba Shehu Shagari da rukunin da aka sa wa sunan gwamnan soja na farko, Joseph Orji, ba su kai ko kusa da bukata ba. Kafa jami'ar jiha cikin 2004 ya ƙara jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gombe mutum fiye da dubu 260. Daga 2009 kuma rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, cikinsu har da masu hali waɗanda suka zo da kuɗin saye a hannu.

Ƙaramar hukumar Gombe ƙarama ce a faɗin ƙasa, saboda haka garin ya tsallaka cikin maƙwabtanta, musamman Akko, inda wurare irin su Tumfure suka tashi daga ƙauye zuwa unguwa. Manomi ya ga abin da fuloti ɗaya zai kawo ya fi amfanin gonar shekaru, sai ya kira dillali da mai awo a yanka ta ƙafa hamsin a ɗari, a bar siririyar hanya, a sayar. Wannan shi ake kira awon igiya, kishiyar awon gwamnati. Takardarsa ita ce dai waccan ta mai unguwa, sai dai yanzu maƙwabtan da za a ambata ba su zo ba tukuna, iyakar kuwa turaku ne da bulo ɗaya-ɗaya. A irin wannan wuri ne sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ya sami ƙofa. Kalmar fili kanta ta ƙuntata: da sarari take nufi, yanzu haja ce mai girma sananne, ana cewa rabin fili, ana cewa kwata.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne baƙon ma'aikaci. Ɗan gari ya san tarihin kowane lungu, ya san wanda zai tambaya. Baƙo ba shi da kowa sai dillali, dillali kuwa la'adarsa tana ga faɗuwar ciniki. Akwai kuma abin da babu takardar da ke faɗa. Garin yana kwance ne a gangare, ruwa na tahowa daga tudun yamma ya bi ta cikinsa zuwa gabas, ƙasar kuma mai yashi ce. Kwazazzabai sun ci gidaje a unguwanni da dama, ambaliyar 2004 kuma ta yi ɓarnar rayuka da dukiya. Gidan da aka nuna wa mutum da rani yana iya zama a bakin rami da damina. A tudun yamma kuma ruwan ƙasa yana da nisa, wanda bai tambaya ba sai ya tare ya fara sayen ruwan tanka.

Ta fuskar kuɗi, hanyoyin da gwamnati ta tanada ba su kai ga yawancin mutane ba. An kafa Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya cikin 1977, an kuma kafa Asusun Gidaje na Ƙasa cikin 1992, inda ake yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci. Amma lamunin yana neman takardar Gwamna a matsayin jingina, abin da gidan awon igiya ba shi da shi. Ga kuma ƙyamar kuɗin ruwa, wadda bankin da ba ya mu'amala da riba, irin Jaiz da ya fara aiki cikin 2012, ya zo ya rage wa wasu. Saboda haka akasarin ma'aikata ba sayen gida suke yi kai tsaye ba. Fili suke saye da adashi ko bashin ƙungiyar ma'aikata, su kewaye, su yi ɗaki ɗaya, su kai linta, su jira shekara, su rufa. Wasu sai kuɗin sallama ya fito. Wannan ya sa kango ya sami sabuwar ma'ana: da gidan da aka tashi aka bari ne, yanzu har da wanda ba a kai ga shiga ba, kuma shi ma haja ne a hannun dillalai.

A zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya, wanda ya hau mulki cikin 2019, an kafa hukumar GOGIS domin mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, irin yadda aka yi a Abuja da Kaduna. Amfaninta ga mai saye a bayyane yake, domin yana iya neman a bincika masa ko sunan da ke fayil shi ne na mai sayarwa, ko kuma an jinginar da gidan a banki. Sai dai kwamfuta abin da aka shigar mata ta sani. Ba ta san ƙanwar da ke aure a Dukku ba. Mai saye mai lura a yau yakan biya la'ada, ya biya kuɗin shaida, ya biya lauya ya rubuta yarjejeniya, ya biya kuɗin bincike da na neman yardar Gwamna, kowanne domin toshe ƙofar da ɗayan ya bari a buɗe.

6.0 KALMAR MALLAKA

Saura kalma ɗaya, wadda ta fi shafar masu nazarin harshe da masu fassara. Sunan takardar Gwamna a Ingilishi ma'anarsa takardar shaidar zama. Dillalai da ma'aikata sukan taƙaita shi su ce si-of-o. Amma a rediyo da jaridu da sanarwar hukuma, fassarar da ta zaunu ita ce takardar shaidar mallaka, ko takardar mallakar fili.

Mallaka a kunnen Bahaushe, kamar asalinta na Larabci a littattafan fiƙihu, iko ne cikakke wanda ba shi da wa'adi: mai abu ya sayar, ya kyautar, ya bar wa magada, ba ya neman iznin kowa. Abin da takardar ta ƙunsa ya gaza haka ta kowace fuska. Tana da wa'adi, wanda ga gidan zama yawanci shekara 99 ne. Tana da kuɗin ƙasa da ake bin mai ita. Ba a sayarwa sai da izni. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke ta domin bukatar jama'a, sashe na 29 kuma ya tsara diyya a kan abin da aka raya, wato gini da shuka, ba a kan darajar ƙasar ba. A nan dokar 1978 ta koma daidai inda jauron Gombe Abba ya tsaya: na mutum shi ne abin da hannunsa ya gina. Bambancin shi ne, a wancan zamani ƙasa goro ce, yanzu kuwa a unguwanni da yawa ita ce mafi tsada a cikin kuɗin da mai saye ya ƙirga. Mutum yakan sayi tsohon gidan ƙasa a tsakiyar gari da kuɗi mai yawa, washegari ya sa a rushe shi. Abin da ya biya dominsa shi ne abin da doka ta ce ba a sayar masa ba.

Wanda ya fara fassara kalmar da mallaka wataƙila sauƙi ya nema, domin takardar iznin zama tana kama da abin da ake bai wa baƙon haure. Amma sauƙin ya rufe wa jama'a sharuɗɗan da suka sa hannu a kai, sai ranar rusau ko ranar biyan diyyar hanya ake jin mutum yana cewa ai yana da takardar mallaka. Haƙƙin zama, ko riƙo, sun fi kusa da abin da dokar ta faɗa, riƙo kuwa kalma ce da Bahaushe ya riga ya sani a sarauta da amana da tarbiyyar yaro, inda duk take nuna abu yana hannunka amma akwai mai shi. Satifiket mai wa'adin shekara 99 da aka bayar a shekarar da aka kafa dokar zai ƙare cikin 2077, wanda aka bayar a shekarar da Gombe ta zama jiha kuma cikin 2095, a hannun jikokin waɗanda suka karɓa.